Wata biyu da sauya mastan kulochi: yadda ƙafata ke jin motar yanzu

Motata tsohuwa ce, ƙirar 1998, mai giyar hannu, kuma kulochinta na mai ne, ba na waya ba. Shekara shida ina yawo da ita a cikin garin Bauchi, ban taɓa buɗe ɗan kofin nan da ke can lungun bonet kusa da na man birki ba. Ban ma san aikinsa ba.

A ƙarshen damina ta fara yi min wani sabon hali. Da asuba in na taka kulochi sai in ji shi tuɓus, kamar na taka burodin da ya sha shayi. Giya ta ɗaya ta ƙi shiga, ribas kuwa sai ta yi ƙara har maƙwabci ya leƙo. In na buga fedar sau uku ko huɗu sai ta dawo hayyacinta, ni kuma in ce ai sanyin safiya ne. Ranar da na daina yaudarar kaina a cunkoson Wunti ne. Ƙafata na kan kulochi har ƙasa, giya na ciki, sai ga mota tana rarrafe da kanta zuwa bayan wani mai keke. Na danne birki, injin ya mutu. Mai keken ya waiwayo ya ce, "Alhaji, lafiya dai?"

Bakaniken farko ko bonet bai buɗe ba ya ce sai an sauke giya bokis an sa sabon filet da dis, wato faya-fayan kulochi. Na ce zan dawo. Na biyu, wani dattijo mai gareji a gefen hanyar Jos, tambaya ɗaya ya yi min: "In ka ba ta wuta a hawa, injin na kuka mota ba ta gudu?" Na ce a'a. Ya ce, "To dis ɗinka lafiya lau. Taka ka riƙe, kada ka saki." Ya sa yaronsa ya karɓe ni a kujera, ya kira ni na sunkuya. A jikin giya bokis akwai wani ɗan ƙarfe mai sanda. Da aka taka sandar ta fito, amma tun ƙafar yaron na ƙasa sai ga ta tana komawa a hankali, kamar kunkuru na mayar da kai.

Nan ya buɗe min abin. Feda tana tura fistin a cikin mastan sama, wato silindar da ɗan kofin nan ke ba wa mai. Mai ba ya matsuwa, don haka ƙarfin ƙafarka yana bin bututu ya isa mastan ƙasa, wato ɗan ƙarfen nan mai sanda, shi kuma ya tura cokalin da ke danna rilis biyarin a kan yatsun filet. Da an danna su sai filet ya saki dis daga jikin fulayiwil, faifan ƙarfen da injin ke juyawa, injin ya rabu da giya, ka sa wadda kake so. Tawa robar fistin ɗin sama ce ta cinye, mai yana zillewa ta gefenta ya koma kofi. Shi ya sa ban taɓa ganin ɗigo a ƙasa ba. Laushin asuba kuma iska ce ta shiga layin, ita kuwa iska tana matsuwa, sai ta shanye rabin takunka.

Ya ce a sauya na sama da na ƙasa gaba ɗaya. Ni da rowa na ce a sa roba kawai, tunda kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Ya yi murmushi ya ce, "Motarka ce." Sati uku na samu. Cikin silindar ya riga ya karce, ya cinye sabuwar robar, na ƙasan ma ya fara zuba. Ina dawowa daga Jos, daidai Nabordo, feda ta kwanta ƙasa ta ƙi tasowa, sai da na sa bakin takalmi na ɗago ta. Da ƙara mai da buge-buge na lallaɓo gida. Araha dai ba ta ado.

Washegari aka sa sababbi duka biyun. Cire iskar ce ta fi cin lokaci: yaro a kujera, dattijo a ƙasa da sifana, yana ta "Buga! Riƙe! Saki!" Tsohon man da ya fito baƙi ne kamar shayin da aka manta a kan wuta, sabon kuwa garau kamar man gyaɗa. Man birki ne dai, DOT 3 ko DOT 4, duk wanda aka rubuta a murfin. Yana jan danshi daga iska, shi ke jawo tsatsa a cikin silinda, don haka ake so a zubar da shi duk bayan shekara biyu ko makamancin haka. Sabon DOT 4 sai zafi ya kai digiri 230 yake tafasa, amma in ya sha ruwa yana sauka zuwa wajen 155. Dattijon ya ja min kunne kada in kuskura in zuba man inji ko man sitiyari a ciki, robobin kumbura za su yi.

Yanzu ga yadda take. Daga sama akwai ɗan wasa kamar faɗin yatsa, wanda ya ce dole a bar shi, in ba haka ba fistin ya toshe ƙofar da mai ke komawa, kulochi ya riƙa sulɓi in mota ta yi zafi. Daga nan nauyi yana ƙaruwa sumul har tsakiya, sai ya ɗan saki gab da ƙasa. Tana kamawa a tsakiyar hanya, wuri ɗaya safe da rana. Kwana uku na farko na yi ta kashe mota a shataletale kamar ɗan koyo, don ƙafata ta saba da kamun ƙasa-ƙasa.

A kan Golf 2 na koyi tuƙi, mai kulochin waya. Waccan in wayar ta bushe sai cinyarka ta gaya maka, amma kana jin motsin dis a tafin ƙafarka sarai. Na mai ya fi taushi nesa ba kusa ba, a cunkoson kasuwar Muda Lawal gwiwata ba ta ƙorafi. Sai dai yana ɗan ɓoye maka labari, kuma da yake yana daidaita kansa yayin da dis ke cinyewa, ba ka cika farga da wuri ba. Duk da haka ba na kewar waya. Na kuma yi sa'a nawa na ƙasan a waje yake, don a motoci da yawa na baya-bayan nan yana cikin giya bokis ne, sai an sauke kafin a taɓa shi.

Aikin dattijo ya yi, zan koma wurinsa. Ƙorafina ɗaya: yaronsa ya ɗiga man a kan fendar hagu bai wanke ba. Man birki kuwa yana cin fenti. Wurin ya dusashe kamar faɗin kwabo, kuma duk sanda na zo buɗe ƙofa sai idona ya faɗa a kai.