Lambar kati ko adireshin gurbi? Hanyoyi biyu na ɗaure na'ura da direbanta a Linux

Ɗan'uwa, abin da na fahimta a tambayarka shi ne: kana da katin hoto biyu a kwamfuta ɗaya, dukkansu GTX 1080, kana so ɗaya ya ci gaba da yi wa Linux aiki, ɗayan kuma ka miƙa shi ga Windows ɗin da kake kunnawa a cikin KVM, wato tsarin Linux na gudanar da wata kwamfuta a cikin kwamfuta. Ka fara da `blacklist nouveau`, wato hana nouveau, buɗaɗɗen direban katunan NVIDIA a Linux, lodawa, sai katunan biyu suka rasa direba gaba ɗaya. Ka koma `vfio-pci.ids` (vfio-pci shi ne direban da ke riƙe na'ura don a miƙa ta ga KVM), sai sikirin ya yi baƙi ƙirin tun kafin ka kai wurin shigar da kalmar sirri. Yanzu kana so ka san wanne ya fi, `vfio-pci.ids` ko `driver_override`. A taka matsalar na biyun ne zai fisshe ka, amma ba don na farkon ya lalace ba. Abin da ka gaya masa ne ya yi.

Idan kwamfuta ta tashi, kanel na Linux yana bin na'urorin PCI ɗaya bayan ɗaya, kowace ta faɗi lambar kamfaninta da lambar samfurinta. Daga nan udev, manhajar da ke kula da na'urori a Linux, ya loda direbobin da suka ce sun san wannan lamba, kuma direban da ya riga isa shi ke kama na'urar. Wanda ya zo daga baya, ko da shi ka fi so, sai dai ya tarar an riga shi. Saboda haka kowace hanya da za ka bi, tambaya biyu take amsawa: da me za a gane na'urar, kuma yaushe za a kama ta.

Buga `lspci -nnk` ka duba. Za ka ga wani abu kamar 01:00.0 a farkon layi, da [10de:1b80] a ƙarshensa. Na farkon adireshin gurbin da katin yake zaune ne a kan madabod. Na biyun lambar irin katin ce: 10de na NVIDIA, 1b80 na GTX 1080. Katinka na biyu zai fito da wani adireshi, a ce 02:00.0, amma lambarsa ita ce dai 10de:1b80. Nan ne hanyoyin biyu suka rabu.

`vfio-pci.ids` da lambar iri yake aiki. Kana rubuta `vfio-pci.ids=10de:1b80,10de:10f0` a layin kanel cikin `/etc/default/grub`, ko `options vfio-pci ids=...` a wani fayil a `/etc/modprobe.d/`, ma'anarsa duk na'urar da ke ɗauke da wannan lamba ta vfio-pci ce. Ya shigo tun kanel 4.1 a 2015, ya maye gurbin tsohuwar dabarar `pci-stub.ids`. Bai san gurbi ba, bai damu da shi ba. Shi ya sa ya kwashe maka katunan biyu, har da wanda sikirin ɗinka ke jone da shi.

`driver_override` kuwa fayil ne da kowace na'ura ke da nata a ƙarƙashin `/sys/bus/pci/devices/`, tun kanel 3.16 a 2014. Ka rubuta sunan direba a fayil ɗin 0000:02:00.0, to wannan na'urar ita kaɗai ba za ta ƙara amsa wa kowane direba ba sai shi, ko da lambarta tana cikin jerin wani. Idan ma direban da ka ambata bai lodu ba, haka za ta zauna babu direba. Sai dai yana da halaye biyu da ke ruɗar mutane. Rubutun da kansa ba ya raba na'urar da direban da ya riga ya kama ta, sai ka yi `unbind` sannan ka tura adireshin zuwa `/sys/bus/pci/drivers_probe`. Kuma duk abin da ke cikin `/sys` yana gogewa da zarar an kashe kwamfuta. Dole a sami mai sake rubuta shi a kowane tashi.

Idan ka jera su kafaɗa da kafaɗa, kowanne ƙarfinsa shi ne rauninsa. Lambar iri tana bin katin duk inda ka kai shi: ka cire shi daga gurbin sama ka mayar na ƙasa, ba abin da za ka gyara. Adireshi kuwa na gurbi ne, kuma yana iya sauyawa ba tare da ka taɓa katin ba. Ƙara faifan NVMe ɗaya, ko sauya wani saiti a BIOS, na iya sa lambobin su gusa, 02:00.0 ya koma 03:00.0, ka wayi gari vfio-pci ya kama wata na'ura dabam, wataƙila ma katin intanet ɗinka. A ɗaya ɓangaren, adireshi na bambanta tagwaye, lambar iri ba ta iyawa.

Akwai ɗan lungu a nan da ya kamata ka leƙa kafin ka yanke hukunci. `ids` na karɓar fiye da lamba biyu: bayan kamfani da samfuri, ana iya ƙara lambar kamfanin da ya harhaɗa katin da ta samfurinsa. Idan ɗaya na wani kamfani ne ɗaya na wani, `lspci -nnv` zai nuna su sun bambanta a layin Subsystem, sai ka rubuta lambobi huɗu, shi ke nan an gama. Idan kuwa kamfani ɗaya samfuri ɗaya ka saya, wannan ƙofa a rufe take. Haka nan masu kati daban-daban ma su kula da ɓangaren sauti: 10de:10f0 lamba ɗaya ce a GTX 1070 da GTX 1080, don haka mai waɗannan biyun idan ya sa ta a `ids`, sautin HDMI na katin da ya bar wa Linux ma zai tafi.

Sai batun lokaci, wanda a ganina shi ne ya fi cin mutane. `ids` ba ya amfani sai vfio-pci ya riga nouveau ko nvidia ko amdgpu lodawa. Ana tabbatar da haka da layi irin `softdep nouveau pre: vfio-pci` a `modprobe.d`, sannan a sake gina initramfs, wato ƙaramin kundin fayiloli da kanel ke fara lodawa idan kwamfuta ta tashi: `update-initramfs -u` a Debian da Ubuntu, `dracut -f` a Fedora, `mkinitcpio -P` a Arch. Da yawa sukan gyara fayil ɗin su manta da wannan mataki, kanel ya ci gaba da karanta tsohon kwafin da ke cikin initramfs, su ce hanyar ba ta aiki. Kuma idan `modinfo vfio-pci` ya nuna maka an gina shi a cikin kanel ne, duk abin da ka rubuta a `modprobe.d` bai shafe shi ba, layin kanel kawai yake ji.

A ɓangaren `driver_override`, hanya mafi sauƙi ita ce driverctl. Umarni ɗaya ne, `driverctl set-override 0000:02:00.0 vfio-pci`, ya ajiye zaɓinka a `/etc/driverctl.d/`, ya riƙa mayar da shi a kowane tashi ta hanyar udev da systemd. Ga katin sadarwa, ban ga abin da ya fi shi ba, don ko direban asali ya riga ya kama katin, raba su ba wuya. Katin hoto ne mai gardama. Idan initramfs ya loda direban hoto da wuri, driverctl zai iso ya tarar an kama, kuma ƙwace katin daga hannun direban da ke amfani da shi na iya maƙalewa ko ya bar katin a hali marar kyau. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi, don haka ga katin hoto na fi son a rubuta override ɗin tun daga cikin initramfs:

`echo vfio-pci > /sys/bus/pci/devices/0000:02:00.0/driver_override`
`echo vfio-pci > /sys/bus/pci/devices/0000:02:00.1/driver_override`
`modprobe -i vfio-pci`

A Debian da Ubuntu wurinsa `/etc/initramfs-tools/scripts/init-top/`, tare da ƙara vfio-pci a `/etc/initramfs-tools/modules` don ya shiga ciki. A dracut ana rataye shi a matakin `pre-udev`. Sharaɗin dai ɗaya ne, ya gudu kafin udev ya loda direban hoto. Layi na biyu na ɓangaren sautin katin ne, kuma ba a tsallake shi: 02:00.0 da 02:00.1 yawanci rukunin IOMMU ɗaya suke (IOMMU shi ne ɓangaren kwamfuta da ke keɓe na'urori rukuni-rukuni don a iya miƙa su), kuma VFIO ba ya miƙa rukuni matuƙar wata na'ura a cikinsa tana hannun direban Linux na yau da kullum. Duba `/sys/kernel/iommu_groups/`. Idan babu komai a ciki, IOMMU bai kunnu ba, sai ka duba VT-d ko AMD-Vi a BIOS, ka kuma ƙara `intel_iommu=on` idan Intel ce.

Wajen gyaran ɓarna, `ids` na layin kanel ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sikirin ya yi baƙi, ka sake kunnawa, ka danna `e` a GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa kafin Linux ya tashi, ka goge kalmar, ka tashi lafiya. Rubutun da ke cikin initramfs ba ya goguwa haka. Shi ya sa nake ba da shawarar ka sa masa sharaɗi a farko: ya duba `/proc/cmdline`, kada ya yi komai sai ya ga wata kalma da ka zaɓa. Da haka za ka iya yin zaɓi biyu a GRUB, ɗaya mai miƙa kati, ɗaya mai barin duka biyun ga Linux.

`blacklist` kuwa cire shi. Direba yake hanawa lodawa da kansa, ba ya ware kati ɗaya daga ɗaya, kai kuma kana buƙatar direban nan ga katinka na farko.

Kafin ka rubuta adireshi, karanta `boot_vga` a foldar kowane kati. Wanda ya nuna 1 shi ne BIOS ya tashi da shi, shi za ka bar wa Linux, ka miƙa mai 0. Bayan ka sake kunnawa, `lspci -nnk -s 02:00` ya nuna maka vfio-pci a layin direban da ke aiki a ɓangarorin biyu, 01:00.0 kuma yana hannun nouveau ko nvidia. Idan ba haka ka gani ba, buɗe initramfs da `lsinitramfs` ko `lsinitrd` ka tabbatar rubutun ya shiga kuma yana da izinin gudu, sannan ka turo abin da `dmesg | grep -i vfio` ya fitar mu duba.