Sharhi kan safar hannu ta naitiril ga masu jinyar da fatarsu ba ta jituwa da roba

Aikina shi ne kula da tsofaffi da masu shanyewar ɓarin jiki a gidajensu a cikin garin Gombe, kuma daga wanke gyambon kwanciya har zuwa sauya shimfiɗa, babu abin da nake taɓawa ba tare da safar hannu ba. Fatata ba ta jituwa da safar lateks, wato farar nan mai hoda da ta cika kemis, domin da zarar na cire ta sai bayan hannuna ya yi ja, borin jini ya feso. Likitan fata ya bayyana mini cewa daga ƙaron bishiyar roba ake yin lateks, kuma furotin da ke cikin ƙaron ne jiki yake yi wa bore. Hodar kuwa sitacin masara ce, tana kwasar furotin ɗin ta watsa shi a iska har mutum ya shaƙa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa Amurka ta haramta safar asibiti mai hoda tun farkon 2017.

Da na koma amfani da shuɗiyar safar naitiril marar hoda, wadda ake yi da robar haɗin sinadarai ba ƙaron bishiya ba, borin jinin ya ɗauke gaba ɗaya. Tana kama yatsu yadda ya kamata, har ina iya jin bugun jijiyar majinyaci ta cikinta, kuma idan ta huje takan yage ne a fili, mutum ya gani ya sauya.

Sai dai akwai abin da nake so abokan aikina su sani, domin rubutun da ke jikin kwali cewa babu lateks bai wadatar ba. Wani samfurin naitiril da na saya ya jawo mini ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje a wuyan hannu, waɗanda ba sa fitowa sai bayan kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa da wuya mutum ya zargi safar. Sanadin shi ne sinadaran da ake zubawa don robar ta yi saurin ƙeƙashewa a masana'anta, irin su tiyuram da kabamet, kuma ana sa su a lateks da naitiril duka. Akwai naitiril da ake yi ba tare da su ba, ita ce ta yi mini daidai, amma samunta a nan sai an ba mai kemis sautu, kuma ta fi tsada.

Safar binil, wadda ake yi da wani nau'in filastik, tana da araha, ba ta kuma taɓa tayar mini da fata ba, amma tana yi wa hannu yawa, tana saurin yagewa. Ina sa ta wajen ba da abinci ko shafa mai, ba na yarda da ita inda akwai jini ko ruwan gyambo.

Aibin naitiril a wurina shi ne zufa. A zafin Maris da Afrilu hannu yakan jiƙe sharkaf a cikinta, damshin kansa kuma yana cin fata, don haka nake sa siririyar safar auduga a ƙarƙashinta idan aikin zai daɗe. Da hunturu kuma, lokacin da fata ke tsagewa, nakan shafa mai marar turare bayan na tashi daga aiki. Wanda aka tabbatar masa da matsalar lateks ya kamata ya faɗa wa likita kafin a yi masa tiyata ko a sa masa robar fitsari, domin wasu kayan asibitin da lateks ake yin su.