Ɗacin gahawa ne ke buɗe ido, ko kafeyin?

Malam, tambayarka ita ce: me ya sa da kurɓar farko kake jin ka wartsake, alhali an ce sinadarin kafeyin yana ɗaukar lokaci kafin ya kama jiki? Abu biyu ne ke aiki a cikin kofi ɗaya, kowanne da hanyarsa da lokacinsa.

Ɗanɗano da ƙamshi su ne masu gaggawa. Da gahawa ta taɓa harshe, jijiyoyi sun isar da saƙo ƙwaƙwalwa kafin ka haɗiye. Ƙamshi ma ya riga shi, don tun tururi na tashi daga kofi ya shige hanci, kuma hanyar da yake bi tana maƙwabtaka da ɓangarorin ƙwaƙwalwa masu ajiye tunani da motsa rai. Wanda ya daɗe yana sha kowace safiya, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta haɗa wannan ɗaci da kuzarin da ke biyo baya, sai ta fara shiri tun kafeyin bai iso ba. Wannan farkawa ta gaske ce, sai dai ba ta jimawa, kuma ta fi ƙarfi ga wanda ya saba.

Shi kuwa kafeyin sai ya bi ta ciki da hanji ya shiga jini, yakan kai ganiyarsa tsakanin minti 30 zuwa 60. Tun da ka tashi daga barci wani sinadari da ake kira adinosin ke taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ke kawo kasala da gyangyaɗi. Kafeyin yakan je ya zauna a gurbinsa ya tare masa hanya. Gajiyar tana nan, jin ta ne ya ragu. Bayan kimanin awa 5 kuma rabinsa bai bar jini ba, shi ya sa kofin la'asar ke hana wasu runtsawa da dare.

A 2023 masu bincike a Jami'ar Minho ta ƙasar Fotugal sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu shan gahawa, wasu an ba su gahawar kanta, wasu kafeyin zalla a ruwa. Dukansu ƙwaƙwalwa ta nuna alamar fita daga yanayin hutu. Amma waɗanda suka sha gahawa ne kaɗai aka ga ƙarin haɗin kai a sassan gani da na tsara aiki. Wannan ya nuna kafeyin ba shi kaɗai ke aikin ba.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne ɗaci ba ma'aunin ƙarfi ba ne. Yawancin ɗacin gahawa daga gashin ƙwayar yake fitowa, kafeyin kaɗan yake ƙarawa. Wadda aka gasa ta yi baƙi ƙirin ta fi ɗaci, amma ba lallai ta fi kafeyin ba. Irin ƙwayar ya fi yin tasiri: Robusta tana da kusan ninki biyu na kafeyin ɗin Arabika. Madara da sukari kuma ɗacin kawai suke rufewa, kafeyin na nan yadda yake.

Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce miligiram 400 na kafeyin a yini ba matsala ga baligi mai lafiya, mai ciki kuma kada ta wuce 200. Kofi ɗaya yakan ɗauki 80 zuwa 100. In ɗanɗanon kake marmari da yamma, nemi wadda aka cire wa kafeyin, za ka sami ƙamshin da ɗacin, barcinka kuma bai taɓu ba.