Sabon gilashin gaba da roba a Fijo 504: abin da na gani bayan damina guda

Da gangan na ƙi rubuta wannan sharhi sai da damina ta wuce, don aikin gilashi ba a gane kyansa ranar da aka fito daga gareji. Ruwan Agusta ne alƙalinsa.

Motar Peugeot 504 ce, ƙirar 1982, haɗin Kaduna, daga masana'antar nan ta Kakuri da ta fara harhaɗa Fijo a 1975. Ta mahaifina ce, Allah ya ji ƙansa, kuma tun da ta dawo hannuna ban taɓa tunanin sayar da ita ba. Injinta lafiya lau. Abin da ya dame ni shi ne duk ranar da aka yi ruwa sai in tarar kafet ɗin gefen fasinja ya jiƙe sharkaf, ga wani warin danshi da ba ya barin motar ko an shanya ta kwana biyu. Da hunturu kuwa ƙura ce ke kwanciya a kan dashbod ko da tagogi a rufe suke. Robar da ke riƙe da gilashin gaba ta bushe ta tsattsage kamar kaushin ƙafa, in ka danna ta da farce sai ta ɓantare. Shi kansa gilashin yashi ya cinye fuskarsa, waifa ta zana masa baka biyu, da dare in mota ta hasko ni sai hasken ya watsu ko'ina in rasa gefen titi.

Kuskuren farko nawa ne. Na sayi wata roba mai araha, irin wadda ake yankowa daga nadi a haɗa bakinta da gam, na kai wa wani matashi da ya saba da motocin yanzu. Motocin yanzu manna musu gilashi ake yi da gam mai ƙarfi a jikin bodi, ita kuwa 504 roba ce kaɗai ke riƙe da gilashinta: tsagi ɗaya ya rungumi gilashi, ɗayan ya ciji leɓen ƙarfen mota. Yaron ya yi ta cusa robar da sukudireba, inda ta ƙi zama ya cike da silikon. Ruwan farko ya shigo ta kusurwar ƙasa kamar ba a yi komai ba. Araha ba ta ado.

Wani tsohon direban tasha ne ya tura ni wajen wani dattijo mai gilashi a ɓangaren Kofar Ruwa, nan Kano, wanda ya ce tun zamanin da 504 ke cika tashoshin Kano da Kaduna da Jos yake wannan sana'a. Da na isa bai fara kallon gilashin ba. Yatsa ya sa ya bi robar daga kusurwa zuwa kusurwa, ya kankare silikon ɗin da farce, ya shinshina.

"Ɗana, wa ya zuba maka wannan?"

Na ce, "Baba, wani yaro ne, ya ce zai tare ruwa."

"Ruwa zai tare, amma a ciki zai tare shi. Ka ji tsamin nan? Shi ke cin ƙarfe."

Gaskiyarsa. Irin wannan silikon mai warin tsami yana sa ƙarfen da fenti ya bar shi ya yi tsatsa. Da aka yanke robar da wuƙa aka ɗaga gilashin, sai ga leɓen ƙarfen a kusurwar ƙasa ta dama ya yi jawur, wani wuri ya huje kamar an soka ƙusa. Nan ne ruwan ke bi shekara da shekaru. Baba ya ce ba zai ɗora gilashi a kan tsatsa ba ko nawa zan biya. Sai da mai walda ya yanke wurin ya ɗinke da sabon ƙarfe, aka goge da samfefa, aka shafa jan fenti mai hana tsatsa, aka bi da fentin mota, aka bar shi ya bushe. Aikin da na ɗauka na yini ɗaya ne ya koma kwana uku. A lokacin raina ya ɓaci, don ba a faɗa mini da wuri ba kuma da motar nake kai yara makaranta. Yanzu ina ganin kwana ukun nan su ne rabin aikin.

Gilashin da na saya sabo ne, mai falle biyu da siririyar leda a tsakani. Wanda aka cire irin na da ne, falle ɗaya, wanda in dutse ya same shi yakan tarwatse gaba ɗaya kamar tsakin masara ya zubo wa direba a cinya. Mai falle biyun tsagewa yake yi ya tsaya a wurinsa, ledar ta riƙe shi. An nuna mini na gwanjo masu sauƙin kuɗi, amma da na ɗaga ɗaya na kalli rana ta cikinsa sai na ga gefensa ya fara yin fari kamar madara, alamar ledar ta fara rabuwa da gilashi. Na bar shi. Sabon ya zauna daidai, babu inda hanya ke lanƙwashewa in ka duba ta gefe, wanda shi ne abin da na fi tsoro.

Robar ce ta ba da wahalar samu. Sai da aka yi sati biyu kafin a kawo wadda aka zuba a ma'auninta tun daga masana'anta, mai kusurwoyi huɗu a lanƙwashe ba yankakku ba. Kuɗinta ya kusa rabin na gilashin, na kuma biya ina gunaguni.

Ɗora gilashin kuwa abin kallo ne. Baba ya shimfiɗa robar a kan bonet cikin rana har ta yi laushi kamar ƙirgin da ya sha jima. Ya zagaya ta a jikin gilashin, sannan ya ɗauko wata siririyar igiya mai santsi, ya cusa ta cikin tsagin waje ta zagaye gilashin duka, bakinta biyu suka haɗu suka gifta juna a tsakiyar ƙasa. Aka shafe robar da ruwan sabulu. Yaransa biyu suka ɗora gilashin daga waje, shi ya shiga ya zauna a kujerar gaba da bakin igiyar a naɗe a hannu. Yana ja a hankali, leɓen robar yana buɗewa yana haye ƙarfen, taƙi bayan taƙi, yaran suna bin igiyar da tafin hannu daga waje. In ya ja hagu kaɗan sai ya koma dama, don kada gilashin ya karkace. Da ya zo kusurwa sai ya rage hannu, ya riƙa juya igiyar kamar mai kaɗa miya. Ɗaya daga cikin yaran ya dunƙule hannu zai buga, Baba ya daka masa tsawa: "Da tafi! Gilashi ba ya son dunƙule." Ko sau ɗaya sukudireba bai taɓa robar ba. Igiyar na fita ta sama, gilashin ya yi wani ɗan sauti ya zauna. Daga nan ya bi ƙarƙashin leɓen robar da wani baƙin gam wanda ba ya daskarewa, ya sa aka kwara bokiti uku na ruwa ina zaune a ciki ina duba kusurwoyi da tocilan.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba. Farin ƙarfen ado da ke zagaye robar ya lanƙwashe a gefe ɗaya wajen cirewa, an miƙe shi amma tabon na nan, kuma samun wani yanzu sai an tona. Kusurwar sama ta hagu ta ɗan tattare, ta yi kusan wata guda kafin zafin rana ya kwantar da ita. Baƙin gam ɗin ma ya ɓata mini rufin ciki a wuri ɗaya. Sannan Baba ba ya ba da rasit, kuma ba ya son a tsaya masa a ka ana tambayar yaushe za a gama.

Amma damina ta zo ta wuce kafet a bushe. Na yi tafiya zuwa Zariya cikin ruwa mai iska, na sa hannu a ƙarƙashin dashbod ban ji ko danshi ba. Fiton iskar da na saba ji in na wuce tamanin ya ɗauke, har na fara jin ƙarar agogon motar da na manta yana aiki. Tuƙin dare ya dawo mini.

Duk mai tsohuwar mota irin wannan, ko 404 ko Bitil, ina ba shi shawarar ya nemi robar kafin ya sayi gilashi, ya kuma tambayi mai aikin ko da igiya yake ɗorawa. In ya ce da sukudireba, ya ja motarsa. Ni dai na riga na ba da kuɗin robar gilashin baya, Baba ya ce in kawo motar bayan sallah, da sassafe kafin rana ta yi zafi.