Tafiya da jariri a jirgi: faskila a cinya ko kujerarsa shi kaɗai a ikonomi?

Wata 'yar'uwa ta kawo tambaya: ɗanta yana da wata bakwai, za su je Landan ita da maigidanta, kuma maigidan yana son ya yanka musu tikitin faskila, wato ajin farko, don ta samu sauƙi da yaron. Ita kuma tana kokwanto, shin kuɗin zai biya buƙata, ko gara su zauna a ikonomi su saya wa yaron tasa kujerar?

'Yar'uwa, ki fara da tantance abin da ejan ɗinku yake kira faskila. Da yawa daga cikin jiragen da ke ɗaukar mutanenmu ba su da shi sam. Turkish Airlines ba ta da shi. Ethiopian Airlines tana da Cloud Nine, wanda bizines ne, wato ajin da ke tsakanin faskila da ikonomi. Jiragen cikin gida kuwa kujerun gaba ne masu ɗan faɗi. Faskila na ainihi ana samunsa a wasu jirage, irin na British Airways da na Emirates, wadda ta dawo hanyar Legas a ranar 1 ga Oktoba 2024. Ki nemi a gaya miki samfurin jirgin da zai ɗauke ku a ranar, domin duk abin da za mu faɗa game da gadon jariri a kan samfurin jirgi yake ratayawa.

Mu ɗauki kuɗi tukuna, don a nan mutane suka fi shan mamaki. A wurin kamfanonin jirgi, jariri shi ne wanda bai cika shekara 2 ba. Idan a cinya zai zauna, a tafiyar ƙasa da ƙasa yawanci ana cajin kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba, sai haraji. Kashi goman nan daga kuɗin ajin da kika zauna ake cire shi. A ƙaddara tikitin babba a faskila dala 8,000 ne, na ikonomi kuma dala 1,000. Ɗanki a cinyarki a faskila zai ci dala 800, kuma ba shi da kujera. A ikonomi a cinya dala 100 ne. Idan kuwa kika saya masa kujera sukutum a ikonomi, kuɗin yara yakan kama kusan kashi 75 na na babba, wato dala 750. Ga shi nan a fili: abin da za a biya don ya zauna a cinya a gaba ya isa ya saya masa wurin kansa a baya. Mai shirin biya da makin tafiye-tafiye ko ɗaga tikiti daga ikonomi zuwa sama kuma ya lura. Wasu kamfanoni suna lissafa kason jaririn daga cikakken kuɗin faskila na ranar, ba daga makin ba, kuma dole a sake fitar da tikitinsa zuwa sabon ajin. In ba a yi wannan tun a gida ba, a kantar filin jirgi ake ganowa, jirgi na shirin tashi.

Sai wurin kwanciya, wanda shi ne gundarin tambayarki. Gadon jariri na jirgi ɗan akwati ne da ake maƙalawa a bangon da ke gaban layin farko na kowane sashe. Ikonomi yana da irin wannan bango, sau da yawa ma fiye da ɗaya, bizines ma haka. Faskila kuwa an tsara shi ne ɗaki-ɗaki, kowa da shingensa da allon kallonsa, don haka a wasu jiragen babu inda za a maƙala gadon. Qatar Airways ta bayyana cewa babu gadon jariri a faskilan jirginta A380. A shekarar 2011 Malaysia Airlines ta hana jarirai shiga faskila a manyan jiragenta baki ɗaya. Saboda haka tsadar kujera ba ta tabbatar miki da gado.

Ko akwai gadon, yana da iyaka. Na Emirates da na Qatar kilo 11 ne iyakarsa, tsawonsa kuma bai wuce wajen santimita 75 ba. British Airways tana da iri biyu: ɗan gado na wanda bai wuce wata 6 da kilo 8 ba, da wata kujera mai jingina da ke ɗaukar har kilo 12.5. Ɗan wata bakwai yakan kai wajen kilo 8, wato ɗanki ya riga ya wuce na farkon ta watanni, ta nauyi ma yana bakin iyaka. Ki auna shi a sikeli, ki auna tsawonsa da tef, kafin ki kira kamfanin. Yaron da ya fara zama da kansa ko yana yunƙurin miƙewa ma'aikata za su iya hana a sa shi ciki ko da nauyinsa bai kai ba, don zai iya kifowa. Kuma duk lokacin da fitilar ɗaura bel ta kunnu, a yawancin jirage za a ce ki fito da shi, ko da yanzun nan barci ya ɗauke shi. Wannan doka ɗaya ce a gaba da baya.

Abin da faskila ke da shi wanda ikonomi ba shi da shi, kujera ce mai miƙewa ta zama gado. Uwa za ta kwanta ta shayar da ɗanta a kishingiɗe, a bayan shinge, ba idon kowa a kanta. Ga mai shayarwa a tafiyar awa shida da ɗoriya kamar ta Abuja ko Legas zuwa Landan, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba za mu rage masa daraja ba. Amma yana da nasa haɗarin. Bargon faskila mai kauri ne, filo kuma mai laushi, su ne ainihin abubuwan da likitocin yara ke cewa a nisanta daga fuskar jariri mai barci. Uwar da ta gaji tana iya yin nauyin barci ta danne shi. Kujerar da inji take motsawa, tana da ramuka a gefe inda yatsa ko ƙafa za su iya shiga, don haka kada ki taɓa maɓallinta sai yaron yana hannunki a ɗage. Ga shayi da miya masu zafi da ake ta kawowa a kofin tangaran marar murfi. In ya kama, ki ce a jinkirta miki abinci sai ya yi barci a hannun babansa. A faskila ana yarda da haka, a ikonomi kuwa in keken abinci ya wuce sai dai ki roƙa.

A nan ne wani abu da ba a cika tunawa ba yake shigowa. Ku biyu ne, kuma babban jarinku shi ne karɓa-karɓa. A ikonomi kafaɗa da kafaɗa kuke, miƙa yaro daƙiƙa biyu ne. A faskila kujerar taga ita kaɗai take, maigida yana can ƙetaren hanya ko a bayanki cikin nasa ɗakin. In kun nace a kan faskila, ku zaɓi kujeru biyun tsakiya waɗanda ake sauke shingen da ke tsakaninsu. Ku kuma tambaya ko jaririn zai iya zama a kowacce daga cikinsu, domin ba kowace kujera ce ke da ƙarin abin shaƙar oksijin na mutum biyu ba, kuma da wannan ake yanke inda mai jariri zai zauna.

Ta fuskar tsaro kuwa, kujerarsa ta kansa ta fi, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Jaririn cinya a jiragen Turai da na ƙasashen Larabawa ana ba shi ɗan ƙaramin bel da ake zura wa a cikin na uwarsa. Hukumar jiragen sama ta Amurka ba ta amince da wannan bel ɗin ba, kuma shawararta ita ce a sa yaro a kujerar mota ta jarirai da aka amince a shiga jirgi da ita. Dalilin gargada ne. Jirgi yana iya faɗawa ramin iska ba gargaɗi, hannun uwa kuma ba ya iya riƙe kilo 8 a irin wannan fizga. A ranar 21 ga Mayu 2024 jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya gamu da irinta, mutum ɗaya ya rasu, gommai suka jikkata. Kujerar mota tana zama daidai a kujerar ikonomi ta taga, a ɗaure ta da bel ɗin jirgi. A faskila da bizines sau da yawa ba a yarda da ita, saboda kujerun a karkace suke ko kuma bel ɗinsu yana ɗauke da jakar iska mai fashewa. Wato a gaba, ko kin so ki saya masa wuri, mai yiwuwa ba inda za a ɗaura kujerarsa. Sharuɗɗan kujerar motar: ta kasance da tambarin amincewar shiga jirgi a jikinta, faɗinta kada ya wuce wajen santimita 42, ba a layin ƙofar gaggawa ba, kuma a sanar da kamfanin tun lokacin yankan tikiti. Akwai ƙarin riba: yaron da ya saba barci a kujerarsa a mota yakan yi barci a cikinta a jirgi, kuma ba wanda zai ce ki tashe shi in fitilar bel ta kunnu.

Kuka fa? Faskila yawanci kujeru 8 ne zuwa 14, nesa da injin, shiru kamar ɗakin karatu, kuma jiragen Najeriya zuwa Turai da yawa da dare suke tashi. Kukan minti biyar kowa zai ji shi. Ba wanda ke da ikon korar ki, kin biya kuɗinki, amma uwar da ke jin nauyin mutane takan rikice, yaro kuma yana jin rikicewar uwarsa ya ƙara. A ikonomi ƙugin injin yana haɗiye rabin kukan, ga hanya doguwa ta zagayawa da shi, ga wasu iyayen masu irin halin da kike ciki. Ke kika san zuciyarki a wannan.

Ciwon kunne bai san aji ba. Iskar cikin jirgi daidai take da ta tsaunin mita 1,800 zuwa 2,400, kuma sauka ta fi tashi wahalar da kunne. Jirgi yakan fara gangarowa kimanin minti 30 kafin ya taɓa ƙasa. Ki ja lokacin shayarwa ya faɗo a nan, domin haɗiya ce ke buɗe kunnen. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba shi nono tun jirgi na tafiya a ƙasa kafin tashi, ya ƙoshi ya ƙi karɓa a lokacin da ake buƙata. In yana mura mai toshe hanci ko ciwon kunne, likita ya duba shi kafin ranar. Kada a ba shi maganin mura ko na ƙaiƙayi don ya yi barci. Wasu yaran maimakon barci sai su birkice, kuma ba a sama ake gwajin magani ba.

Banɗaki da hidima, faskila ya yi gaba: mutane kaɗan, ba layi, ma'aikaciya kusa. Falon jira na filin jirgi ma hutu ne, musamman in akwai sauyin jirgi. Shiga jirgi da wuri kuwa ba sai da faskila ba, masu jarirai ana kiransu a sahun farko ko a ikonomi suke. Kayan jariri ma kusan ɗaya ne ko'ina: kilo 10 zuwa 23 gwargwadon kamfani da hanya, da keken jariri kyauta. Keken a wasu filaye ba a bakin jirgi ake dawo da shi ba, sai wurin ɗaukar kaya, don haka zanin goyo ya kasance a jakar hannu. Sai dai lokacin tashi da sauka za a ce ki sauke shi daga baya.

Jakar hannun ita ma ba ta canzawa da aji. Famfas ɗaya ga kowace awa biyu, tun daga fita gida har isa masauki, a ƙara huɗu saboda jinkiri. Kayan sawarsa kala biyu, naki ɗaya. Dokar da ta taƙaita abin ruwa a jakar hannu zuwa mililita 100 ba ta hau kan madara da abincin jariri ba, amma ki fito da su daban a wurin bincike. In madarar gwangwani yake sha, ki auna garin kashi-kashi tun daga gida, ki zo da fida uku a wanke, kada ki dogara da wanke su a jirgi, domin ruwan famfon banɗaki ba na sha ba ne. Ana dama garin da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba, a bar shi ya huce, abin da ya kai awa biyu a dame kuma a zubar. Abincin jarirai na jirgi sai an nema, awa 24 zuwa 48 kafin tashi, kuma na kwalba ne wanda mai yiwuwa bai saba da shi ba.

Ga ɗan wata bakwai mai iyaye biyu a tare, mu kujeru uku a jere a ikonomi za mu zaɓa: shi a taga cikin kujerar motarsa, ke a tsakiya, babansa a bakin hanya. In maigida yana son ya kashe kuɗi don ki huta, bizines a layin bango mai gado ya fi faskila dacewa, muddin nauyin yaron bai wuce iyaka ba kuma an rubuta muku gadon a tikiti. Faskila ya fi amfani ga uwar da ke tafiya ita kaɗai da ɗan wata biyu ko uku, wanda bai fara juyi ba, musamman wadda aka yi wa tiyata kuma zaman awa shida a miƙe zai wahalar da ita. Kowanne kuka ɗauka, ki sake kiran kamfanin kwana biyu kafin tafiya ki tabbatar ba a sauya samfurin jirgin ba, don in an sauya, lambar kujerar da ke da gado ma takan sauya. Fasfonsa da bizarsa nasa ne daban, kuma sunan da ke tikitinsa ya zo daidai da na fasfon harafi da harafi.