Faɗaɗa muƙamuƙin sama na yaro: wace na'ura ta dace da ɗanka?

Ganɗar yaro ɓari biyu ce, dama da hagu, da wani ɗinkin ƙashi da ya ratsa tsakiya daga bayan haƙoran gaba. Muddin ɗinkin nan bai haɗe ba, ana iya tura ɓarin biyu su ɗan rabu, sabon ƙashi ya cike gurbin. Aikin ya fi sauƙi tsakanin shekara 7 da 12. Da balaga ta kankama ɗinkin kan fara sarƙewa, kuma 'yan mata sukan riga maza.

A baki mai lafiya haƙoran sama suna rufe na ƙasa kamar murfi a kan kwano. Idan turamen sama suka faɗa ta cikin na ƙasa, ko yaro yana karkatar da haɓa gefe guda in zai haɗa baki, ko haƙoran da suka biyo bayan famfara sun rasa wurin tsayawa, to a kai shi a duba, don alamun matsewar muƙamuƙin sama ke nan. Gado kan jawo haka, da tsotson yatsa da ya wuce lokaci, da numfashi ta baki saboda tsokar bayan hanci ta kumbura. Yaro mai minshari yana barci baki buɗe, likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya kamata ya gan shi, domin na'ura ba ta cire tsokar da ta toshe hanya.

Abin da ya raba na'urorin shi ne ko ƙashi suke buɗewa ko haƙori kawai suke karkatarwa waje. Haƙorin da aka karkatar ya fi saurin komawa inda ya fito.

Wadda aka fi amfani da ita ita ce Hyrax. Zobban ƙarfe biyu ko huɗu ake liƙa wa turame da simintin haƙori, da noti a tsakiyar ganɗa. A gida ake murɗa notin da ɗan makulli: a zura shi cikin ramin da ke gaba, a tura baya har sabon rami ya leƙo, sannan a zare. Kowane murɗi yana buɗe kimanin rubu'in milimita. Sau biyu a rana rabin milimita ke nan, cikin mako biyu an samu milimita 7. Likita kan bari a ɗan zarce abin da ake bukata, don wani abu zai koma. Daga nan sai a ɗaure notin a bar na'urar a baki wata 3 zuwa 6 har sabon ƙashin ya yi ƙwari.

Cikin makon farko ko na biyu wushirya za ta fito tsakanin haƙoran gaba. Ita ce shaidar ɗinkin ya buɗe, kuma cikin 'yan makonni takan rufe da kanta, don haka kada uwa ta tsorata, kada kuma 'yar ta saba da ita. Abin tsoro shi ne a yi kwana goma ana murɗi babu wushirya, ga ciwo yana ƙaruwa, musamman ga yaron da ya tasa. Wannan na nufin ƙarfin a kan haƙori yake sauka, yana iya ture saiwa ta fita daga ƙashi dasashi ya janye. A daina murɗi a koma asibiti. Kuskuren da ya fi yawa a gida kuwa shi ne rabin murɗi: ramin gaba bai fito ba aka zare makulli, gobe a rasa inda za a sa shi. Wani kuma garin zarewa sai ya jawo makullin gaba ya warware abin da ya murɗa. A ɗaura wa makullin zare a wuyan hannu, kada ya suɓuce yaro ya haɗiye.

Haas, mai sunan likitan Amurka Andrew Haas da ya farfaɗo da aikin a 1961, noti ɗaya ne da Hyrax, sai dai tana da fallen roba mai tauri guda biyu da ke jingina da ganɗa. Tura ƙashi da kyau take yi, amma tuwo yana maƙalewa a ƙarƙashin robar, ganɗa ta yi ja ko ta yi gyambo. Akwai kuma wadda robarta ke lulluɓe saman turame gaba ɗaya, ana zaɓar ta ga yaro mai doguwar fuska da haƙoran gabansa ba sa haɗuwa. Ita ce mafi wuyar tsafta.

Quad Helix babu makulli a cikinta. Wayar ƙarfe ce mai kauri kusan milimita ɗaya da lanƙwasa huɗu, an haɗa ta da zobba biyu. Likita ne ke buɗe ta duk bayan mako 4 zuwa 6, tana turawa a hankali na 'yan watanni. Ga ɗan shekara 7 zuwa 9 da matsewarsa ba ta yi tsanani ba, tana wadatarwa, kuma ita ta fi dacewa da ɗan makarantar kwana ko gidan da babu mai zuciyar murɗa noti a bakin yaro kullum. Takan bar shati a harshe, wanda ke bajewa bayan an cire ta. Ga babban yaro, haƙori za ta fi karkatarwa.

Faranti mai cirewa, irin na Schwarz, shi ne yawanci mafi arha, kuma shi iyaye suka fi karkata gare shi. Ana murɗa notinsa sau ɗaya ko biyu a mako, amma dole ya zauna a baki dare da rana in ban da lokacin cin abinci da wanke baki. In ya kwana biyu a aljihun rigar makaranta, haƙora sun koma, ba zai ƙara shiga ba sai an warware notin. Ya ɓata kuma, sabon kuɗi ne. Ga matsewa ta gaske a ƙashi, ba zaɓi ba ne.

Wanda ya haura shekara 15 ko 16, sai an ɗauki hoton ƙashi a ga halin ɗinkin. Mai yiwuwa a bukaci na'urar da ake kafe ta da ƙananan kusoshi a cikin ƙashin ganɗa, ga babba kuma wani lokaci sai da tiyata.

Nisa ma yana cikin lissafi. Likitocin da suka ƙware a jera haƙora ba su da yawa a Arewa. Ana iya fara dubawa a sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wasu kuma sai an tura su Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mai zuwa daga Daura ya san cewa Hyrax tana bukatar a duba yaro kusan duk mako a lokacin murɗi, sannan ziyarar ta ragu sosai. Quad Helix kuwa zuwa ne jefi-jefi amma na tsawon watanni. Kafin a biya, a tambaya ko kuɗin ya haɗa da ƙera na'urar, da sake liƙa zobe in ya kwance, da abin riƙe haƙora bayan an cire, da ko za a bukaci wayar jera haƙora daga baya, domin faɗaɗawa wuri take samarwa, ba ita ke jera su ba.

Zobe kuwa goriba da rake da aya da ƙuli-ƙuli ne ke kwance shi, cingam da alewa mai danƙo kuma su naɗe a noti. Aswaki ba ya kai wa ƙarƙashin na'ura. Buroshi mai laushi ake bukata, da sirinji marar allura a riƙa fesa ruwa tsakanin ƙarfen da ganɗa bayan kowane abinci. In zobe ya fara motsi, a tsayar da murɗi har sai an sake liƙa shi, don abinci na shiga ƙarƙashinsa ya ruɓar da turmin.