Gargaɗi ga masu son tayar da tsohuwar kwamfutar gem a Legas: ana sayar da katin jabu da sunan GTX 1050 Ti

Jama'a, akwai wata damfara da ke yawo a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook na 'yan'uwanmu mazauna Legas, kuma samari masu buga gem a kwamfuta take ci. Talla ce da ake rubutawa da Hausa tsantsa, a buɗe da sallama, a rufe da addu'ar Allah ya bar zumunci. Abin da ake tallatawa wai haɗin kaya ne da zai farfaɗo da tsohuwar kwamfuta: katin girafik (mai sarrafa hoton gem) GTX 1050 Ti mai ma'adana 4GB, da ram (ma'adanar aiki ta wucin gadi), da SSD (wurin adana fayil), wani lokaci har da fawa-fak (mai raba wa kayan cikin kwamfuta wuta), duka a kan kuɗin da bai kai na katin shi kaɗai ba a shagon kirki. Sai a ce 'yan Beljiyam ne, yanzu aka sauke kwantena, saura kaɗan, mai rabo ka ɗauka. Sana'ata gyaran kwamfuta a Agege, kuma irin waɗannan kaya sun zo teburina har na ga yin shiru ya zama laifi. Katin nan jabu ne, sauran kayan kuma kowanne da tasa cutar.

Mai tallar zai ce maka shagonsu yana Computer Village a Ikeja, amma ba zai taɓa faɗin sunan bene ko lambar shago ba. In ka matsa, sai ya ce oga ya fita, ko ana gyaran shagon, ku haɗu a ƙarƙashin gadar Ikeja, ko kuma ka tura kafin alƙalami a ba mai babur ɗin aike ya kawo maka har gida. Lambar asusun da zai turo, sunan da ke kai daban ne da nasa. A faɗi gaskiya, a titin Otigba da kewayensa akwai 'yan kasuwa masu amana da muka daɗe muna hulɗa da su. Sunan kasuwar kawai waɗannan mutane suke ara. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da harshenmu suke shigowa. Yaro ya baro Kano ko Sakkwato yana fama a garin nan, ya ji Hausa a bakin mai kaya, ya ji an ce masa "haba ƙanena, ai ba zan cuce ka a baƙon wuri ba", shi ke nan ya saki jiki.

Hujjar da suke nunawa ita ce ta fi ruɗar mutane. Za a turo maka bidiyo, an saka katin a kwamfuta, an buɗe Windows, ga suna nan ɓaro-ɓaro: NVIDIA GeForce GTX 1050 Ti, 4GB. Kuma ba a haɗa bidiyon ba, haka kwamfutar take nunawa da gaske. Kowane katin girafik yana ɗauke da wata 'yar manhaja a jikinsa da ake kira BIOS, ita ce take gaya wa kwamfuta sunansa da yawan ma'adanarsa. Kwamfuta ba ta bincike, abin da BIOS ya faɗa shi take rubutawa. To su masu haɗa jabun sai su samo tsofaffin katuna, galibi GTS 450 da ya fito tun 2010, su sauya masa BIOS, su ɗora masa sabuwar fanka da baƙar murfin roba, su manna sitika. Na gaskiyar ya fito ne a 2016, ƙwayoyin aikinsa da ake kira CUDA guda 768 ne. GTS 450 yana da 192 kacal, ma'adanarsa kuma yawanci 1GB ce. Tamkar a ɗauki tsohon injin Vespa a rufe shi da jikin sabon babur ne.

Shi ya sa cutar ba ta bayyana a ranar farko. Katin zai kawo hoto, za ka kalli bidiyo, ƙananan gem za su buɗe. Amma da zarar gem ya nemi ma'adanar da ta wuce 1GB ɗin gaske, sai ya je neman sauran ukun da babu su. Nan hoto zai tarwatse, ko sikirin ya yi baƙi, ko gem ɗin ya rufe kansa.

Wani matashi mai sayar da kayan waya a Idi-Araba ya shigo mini rungume da kwamfutarsa a cikin buhun bagko. Ya ce, "Yaya, don Allah duba mini, na sa sabon kati amma GTA V da na shiga gari sai ya fita." Ina juya bayan kwamfutar na hango shuɗin soket ɗin VGA mai ramuka 15 a jikin katin. Ban ce komai ba tukuna. Na zare katin, a gefensa na sama ga ɗan harshen zinariya na SLI, wanda ake haɗa katuna biyu da shi a da. GTX 1050 Ti ba ta da shi sam. Na kwance sukurori huɗun da ke riƙe da fankar, na goge busasshen man sanyayan da ya zama kamar alli, sai ga rubutun ƙwayar ya fito: GF106. Na gaskiyar GP107 ake rubutawa. Ya daɗe yana kallon rubutun, sannan ya ciro waya ya kira mai kayan. Lambar a kashe. A WhatsApp kuma an riga an toshe shi. Kuɗin da ya tara ne na watanni, daga cinikin caja da murfin waya.

Ba sai ka kwance kati ba kafin ka gane. Soket ɗin VGA shi ne alama ta farko, domin daga katunan GTX 10 zuwa sama Nvidia ta cire hanyar tsohon sigina, abin da za ka gani DVI ne da HDMI da DisplayPort. In kwalin ba sunan wani kamfani sananne irin su MSI, Asus, Gigabyte ko Zotac, sai hoton wani jarumi da kalmar GeForce kawai, kuma an haɗo da faifan CD ana cewa kada ka sa wani direba (manhajar da ke sa Windows ta yi aiki da katin) sai nasa, to ka ja baya. Dalilin faifan shi ne Nvidia ta daina fitar da sababbin direbobi ga zuriyar GTS 450 tun 2018, saboda haka sabon direban da za ka sauke daga shafinsu ba zai yi aiki a kan katin ba. Sai kuma babbar hujja: manhajar GPU-Z ta TechPowerUp, kyauta ce, ƙarama ce, tana shiga filash. Tun 2018 take gane irin waɗannan katuna ta rubuta FAKE, wato jabu, a gaban sunan. Ko ba ta rubuta ba, duba layin da ke nuna yawan ƙwayoyin aiki. In ka ga 192 a inda ya kamata ka ga 768, magana ta ƙare. Amma da filash ɗinka za ka je, kada ka yarda da wadda ke kan kwamfutar mai kaya, balle hoton da ya turo maka.

Akwai kati na biyu da suka fara turawa ga wanda ya ce yana son abin da ya fi ƙarfi, wato RX 580 mai 8GB. Wannan ya fi wuyar kamawa, don katin yana buga gem da gaske. RX 580 na asali, na 2017, ƙwayoyin aikinsa 2304 ne. Akwai wani da AMD, kamfanin da ke yin sa, ta fitar don kasuwar Chaina mai suna RX 580 2048SP, wanda a ƙarfi ɗan'uwan RX 570 ne, sai a share wutsiyar sunan a sayar maka a farashin babban. Da yawansu ma tsofaffin katunan haƙar kuɗin kirifto ne da suka yi shekaru suna aiki dare da rana, aka zubo su kasuwa bayan Ethereum, ɗaya daga kuɗaɗen kirifton, ta daina amfani da katunan girafik a Satumbar 2022. Ni ban ce duk katin da ya yi haƙa matacce ne ba, na sa wa mutane wasu suna nan suna aiki lafiya. Amma a gaya maka gaskiya, a rage maka kuɗi, a bar ka ka gwada. In an bar masa BIOS ɗin haƙa, direban AMD na yau da kullum yakan ƙi karɓarsa. Ka sa FurMark, manhajar gwada kati da aiki mai nauyi, ya yi kamar minti ashirin kana kallon zafinsa, kana sauraren ƙarar fanka, kana duba ko ɗigo-ɗigon launi za su fito a sikirin.

SSD ɗin da ke cikin haɗin, an rubuta 1TB amma abin da ke ciki ƙarami ne ƙwarai, an koya masa yin ƙarya kamar yadda aka koya wa katin. Zai ci gaba da karɓar fayil, in ka dawo buɗewa ka tarar sun lalace. Manhajar H2testw ce maganinsa, tana cika shi taf sannan ta karanta, ta faɗi girmansa na gaske. Ram kuwa sau da yawa na manyan kwamfutocin kamfanoni ne da ake kira saba (server) da aka kwaso da araha. Duba sitikar: in lambar ta ƙare da R, kamar PC3-10600R, ba zai tashi a madabod (babban allon da ake soka duk kayan a kai) na kwamfutar gida ba. Wanda kake nema mai U ne, kamar PC3-12800U.

Fawa-fak ɗin shi ne ya fi ba ni tsoro, don shi ba asarar kuɗinsa kaɗai zai jawo maka ba. Sitika ta ce wat 650, har da tambarin shaidar inganci na 80 Plus da aka buga a injin buga takarda, amma ka ɗaga ka ji shi sakayau, wayoyinsa sirara. Na taɓa buɗe wani na tarar an manna guntun ƙarfe a ciki don ya yi nauyi. A garin da wuta take zuwa ta ɗauke, a koma janareta, a dawo, irin wannan ba ya daɗewa, kuma ranar da zai tafi yakan ja madabod da kati su tafi tare. Duk wanda zai rage kuɗi, ya rage a wani wuri, ban da nan.

Wani abin da ke ba su dama shi ne mutane da yawa ba su san abin da ke cikin kwamfutarsu ba. Yawancin injinan da ke gidajenmu tsofaffin Dell OptiPlex ne da HP na ofis, siraran nan. Fawa-fak ɗinsu bai fi wat 240 zuwa 255 ba, ba shi da filogin kati, wasu ma filogin madabod ɗinsu na daban ne da ba ya karɓar fawa-fak ɗin kasuwa. Ramin da ake soka kati wat 75 kawai yake bayarwa. Shi ya sa GTX 1050 Ti ta gaske, gajeriyar, take da farin jini a wajenmu, don da yawa ba sa neman ƙarin wuta, kuma shi ya sa ita ce aka fi yi wa jabu. RX 580 kuwa yana shan wajen wat 185, ba inda zai zauna a irin wannan akwati, amma mai damfara zai ce maka "zai shiga, ranka ya daɗe". Haka batun furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Jin an ce Core i7 ba ya nufin komai sai ka san zuriyarsa: i7-2600 na 2011 soket ɗinsa LGA1155, i7-4790 na 2014 nasa LGA1150, ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Ram nau'in DDR3 ma ba ya shiga ramin DDR4. Ka sauke manhajar CPU-Z mai nuna kayan cikin kwamfuta, ka rubuta sunan madabod da furosesa da irin ram ɗinka a takarda kafin ka fita daga gida. Ka kuma tuna Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zuriya ta 8 ta Intel take farawa. A ganina, injin zuriya ta 2 ko ta 3 bai cancanci a zuba masa manyan kuɗi ba. SSD na gaske da ram ya kai 16GB da ƙaramin kati sun ishe shi, sauran kuɗin a adana don sabon gini.

In za ka saya, ka je da ƙafarka shago mai lamba, wanda gobe in ka dawo za ka same shi. In da hali ka ɗauki kwamfutarka ka tafi da ita, wahalar danfo ta yini ɗaya ce. A saka kayan a gabanka, ka sa naka filash, ka buɗe gem mai nauyi, ba a cinikin biri a sama. Rasit ya ɗauki sunan shago da lambar jikin kati da kwanakin garanti a rubuce, kuma ka ɗauki hoton lambar kafin a mayar da shi kwali, domin akan gwada maka ɗaya a naɗe maka wani yayin da kake duba waya kana tura kuɗi. Sunan asusun ya dace da na rasit. Mai kayan da ya ce gwaji ɓata lokaci ne, ko babu wuta, ko kwalin a rufe yake ba a buɗewa, ka yi masa sallama.

Wanda kuma an riga an ci kuɗinsa, kada kunya ta hana shi magana. Ka kira bankinka nan take ka shigar da ƙorafin damfara a kan asusun da ka tura wa, don jinkiri shi ke ba su damar kwashe kuɗin. Ka adana hirarrakin da saƙon murya da shaidar tura kuɗi da hoton GPU-Z. In a cikin Computer Village aka yi cinikin, a kai ga ƙungiyar 'yan kasuwar wurin, CAPDAN. Akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Legas, LASCOPA, da ta tarayya, FCCPC, ga kuma sashen 'yan sanda na musamman mai binciken zamba da ke titin Milverton a Ikoyi. Ba kowane kuɗi ne zai dawo ba, amma in ƙorafi ya taru a kan asusu ɗaya akan rufe shi.

Roƙona ga masu kula da zaurukanmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago da Obalende: duk wanda ya kawo tallar kayan kwamfuta, a nemi cikakken adireshin shagonsa, a sa wani da aka sani ya je ya gani da ido kafin a bar tallar ta zauna. Masu tura talla gaba don taimako kuma ku daina tura abin da ba ku san tushensa ba, domin ganin sunanku a kan saƙon ne yake sa yaran nan su tura kuɗi.